Ƙafar Jatau Da Dardumar Agadas

Wani mutum ne a unguwarmu ana ce masa Jatau Dillali. Sau ɗaya ya taɓa zuwa Agadas, shi ma a bayan motar albasa, amma tun da ya dawo ya hana mu sakat. Wai shi ba da ido yake gane darduma ba. "Tafin ƙafata kawai," in ji shi. "In na taka, zan gaya maka tunkiyar da aka aske da tsohuwar da ta saƙa."

Sai Alhaji Sambo, maƙwabcinsa, ya yi sabon zaure, ya ce yana neman dardumar ulu saƙar hannu, zai ba da ragonsa balami a madadinta. Rago ne kamar ɗan maraƙi. Yawun Jatau ya tsinke.

Ya shiga kasuwa ya sayo ta inji mai araha, ya jiƙa ta da ruwan shayi, ya tumurmusa ta a ƙasa har ta yi kama da tsohuwar ajiya. Ya san masana kan zare zare ɗaya daga geza su ƙona. Sai ya warware tsohon bargon kakarsa na ulu, ya ɗinka mata geza da shi. Kai, Jatau ba dai wayo ba!

Bayan la'asar ya shimfiɗa ta a ƙofar Alhaji, ana dafa shayi a kurfotin gawayi, jama'a sun taru. Alhaji ya kira Baba Isiyaku, tsohon masaƙi, ya duba masa.

"Baba, kada ka wahalar da idonka," in ji Jatau. "Shekara uku ana saƙa ta a Agadas. Ƙafata ta tabbatar."

"Allah ko?" in ji Baba. "Ulu in ya ƙone, ƙaurin gashi yake yi, ya zama toka. Roba kuwa narkewa take."

Ya zari zare daga geza, ya kanga a garwashi. Fuu! Ƙaurin babbakar kan rago ya tashi. Ya murza, sai toka.

"Wannan zaren dai ulu ne," in ji Baba. "Bari in juya bayanta in ga ƙullin."

Ina! Jatau ya riga ya haye tsakiyarta, ya tuɓe takalmi, ya baza babbar riga yana juyi. "Alhaji, a kwanto min ragona! Ni za a gwada wa ulu? Ni da na..."

Kwaram! Hannun rigar ya kwashe kurfoti. Garwashi uku suka faɗa tsakiyar dardumar.

Cuuu! Nan take ta fara tafasa tana ɓulɓula baƙin hayaƙi. Warin ƙonanniyar leda ya game layin, har ragon da ake janyowa ya yi atishawa ya ja da baya.

Jatau ya ruɗe, ya kai ƙafa zai take wutar. Narkakkiyar robar ta manne masa ɗaf a tafin ƙafa.

"Wayyo Allah! Ruwa! Ku kawo ruwa!"

Ya dinga tsalle da ƙafa ɗaya, dardumar na binsa jaye-jaye. Wallahi na so in tausaya masa, dariya ce ta hana ni.

Alhaji ya ce a mayar da rago turke. Baba Isiyaku kuwa ya kurɓi shayinsa, ya leƙo a hankali.

"To, Jatau, ga shi ka taka da kyau. Wace tunkiya ƙafar ta ce?"