Farin Namijin Tantabarar Yaya Modu

Ba zan taɓa mantawa da wata Alhamis ba, ko da kuwa na tsufa na manta inda na ajiye tabarau. A lokacin ban daɗe da gama digiri ba, ina neman aikin koyar da bayoloji a wata makarantar kuɗi da ke Sabon Gari. Gurbi ɗaya ne, mu biyu muke nema: ni da wani Malam Sadisu, siriri, mai takalmin da ya sha hannun mai gyara. Shugabar makarantar, Madam Ngozi (haifaffiyar Sabon Gari ce, Hausarta ta fi tawa gishiri), ta ce kowa zai koyar da 'yan ajin ƙarshe tana zaune a baya, sannan ta zaɓi ɗaya. Aikin nan kuwa ina buƙatarsa, don na gaji da zaman gida da tambayar da Inna ke yi kullum: "To, digirin nan dafa shi za mu yi?"

Darasin da aka ba ni shi ne yadda dabbobi ke zaɓen abokin aure. Abin da littafi ya ce a taƙaice: a tsuntsaye da yawa namiji ne ke ado, mace ta tsaya ta duba, ta ɗauki wanda ya fi burge ta. Shi ya sa ɗawisu ke fama da jelar da ko tashi ba ta barinsa ya yi sosai. Sai na ce a raina, Malam Sadisu da alli kawai zai zo. Ni kuwa ɗalibai da idonsu za su gani.

A gidanmu na Fagge, yayana Modu yana kiwon tantabaru a saman soro, kuma ya fi ƙaunarsu a kan mu ƙannensa. Na san in na roƙa ba zai bayar ba, don haka na jira ya tafi shagonsa na kasuwar Kwari na hau soron. Na kama wani fari ƙal, ƙato, mai gashi har ƙafa, na ce ga namiji kyakkyawa. (Akwai ƙwai ɗaya a gefensa, har na yaba masa a raina, na ce ga miji mai kula da gida.) Na kama wani ƙazami mai launin toka, wuyansa a tsige, na ce ga mummunan. Sai wata 'yar ƙarama mai sanyin ido, na ce wannan ko ba a faɗa ba mace ce. Na zuba su a kejin waya, na saka leshina na biki, na tari adaidaita sahu.

Sai bayan azahar aka ba ni aji. Na ɗora kejin a kan tebur, na raba tsuntsayen da kwali, na yi bayani mai daɗi har ni kaina ina jin daɗin muryata. Na ce, "Yanzu zan cire kwalin nan. Ku zuba ido, za ku ga macen ta nufi farin."

Na cire. Macen ta nufi gwangwanin dawa ta hau ci.

Na ce, "Tana nazari ne."

Shi kuwa ƙazamin, ko kallonta bai yi ba. Ya kumbura wuyan nan nasa tsigagge, ya ja jela a ƙasa, ya hau zagaye farin yana sunkuyawa yana kuka. Nan kaina ya fara ɗaurewa, don babu wannan a shafin da na haddace. Amma da na hango Madam tana rubutu, sai na gyara murya. "Madalla! Wannan shi ne ɓangare na biyu na darasinmu. Maza biyu ne za su yi faɗa a kan mace."

Sai farin ya matso a hankali ya saka bakinsa cikin bakin ƙazamin. Suka lumshe ido.

Wata ɗaliba a layin gaba ta ce, "Malama, wannan faɗa ne?"

"Faɗa ne mana. Yana ƙoƙarin karya masa baki."

"Ai kuwa faɗan nasu da ladabi," in ji wata daga baya. Ajin ya ɗauki ƙus-ƙus.

Na kalli allo, na kalli keji, na sake kallon allo, kamar ɗaya daga cikinsu zai ba ni haƙuri. Na tura 'yar ƙaramar da biro wajen farin, ta kai wa biron sara ta koma kan dawarta. Wallahi a lokacin na fara zargin ko malamanmu na jami'a ne suka cuce mu, ko kuwa tantabarun Fagge ne ba su san da zancen ba. Ban daina magana ba kuma, abin da ya ƙara kashe ni ke nan. Da na ga farin ya koma lungu ya lafe a kan wani yagaggen kwali da ke cikin kejin yana buɗe baki, sai na ce, "Kun gani? Namiji mai ƙarfi ba ya wahalar da kansa. Ya san darajarsa, ya zauna ne mace ta same shi."

Ban rufe baki ba ya ɗaga jela. Ya ɗan yunƙura. Ya miƙe.

Ƙwai ne. Fari, ɗan ƙarami, yana sheƙi a gaban kowa.

Ajin ya fashe da dariya. Har da masu buga tebur. Ni kuwa ina tsaye da alli a hannu, kuma abin da ya fito daga bakina (Allah ya yafe mini) shi ne, "Wannan ba ya cikin manhaja."

Madam Ngozi ta taso, ta leƙa kejin, ta share hawayen dariya da gefen ɗankwali. Ta ce, "Malama, barka. Namijin naki ya sauka lafiya."

Na dawo Fagge da keji a cinya, ƙwai a naɗe cikin hankici. Yaya Modu yana ƙofar gida yana jirana. Na yi zaton duka zan sha, amma da ya ji labarin sai da ya zauna a dakali don dariya. Ashe farar mace ce, ƙazamin mijinta ne, ƙaramar kuma ɗansu ne, namiji, ko balaga bai yi ba. Wato iyali guda na kwasa na kai makaranta, na ce uwa da uba su yi dambe a kan ɗansu.

Na ce, "To Yaya, ita da kyanta, me ta gani a jikin wannan?"

Ya ce, "Na haɗa ta da kyawawa har na gaji, ta ƙi. Shi take so. Je ki tambaye ta."

Ranar Litinin Madam ta kira ni a waya. Ta ce yaran ba za su taɓa manta darasina ba, ita ma haka, amma Malam Sadisu ta ɗauka. Na yi kuka sosai a ɗaki, don na saka rai. Sai daga baya na lura cewa a wannan ajin ni ce na je da leshi da keji ina baza jela, kuma mai zaɓe ta duba ta ɗauki mai tsohon takalmi.

Yanzu ina koyarwa a wata makarantar. Duk shekara in na iso wannan darasi, nakan gaya wa ɗalibai cewa mace ce ke zaɓe, amma kada su rantse sun san dalilinta. Kuma ɗawisun, a allo nake zana shi.