Ranar da Na Yo Itace a Dajin Turawa

Ya ji kunyata a ranar, ko bai ji ba? Shekara kusan hamsin ke nan ina juya wannan tambaya a raina, kuma mutum ɗaya da ya san amsarta yana kwance a wata maƙabarta a gabashin Landan. Ranar dai ba zan taɓa mantawa da ita ba, ni da yanzu nake manta ko na sha maganin safe. Ban yi boko ba. 'Yata ce ke rubuta mini wannan, ina faɗa tana rubutawa, na kuma ce mata kada ta gyara komai don ta rufa mini asiri. Asirin ya riga ya tonu a gaban Turawa fiye da ashirin da kare guda.

Mun zo Landan ne a shekarun da kuɗin man fetur ya shigo, lokacin da gwamnati ke ta tura ma'aikata kos ƙasar waje kamar ana rabon goron suna. Malam, mijina, ma'aikacin gandun daji ne. Aka ba shi kos na shekara biyu, aka ce ya tafi da iyali. Iyalin kuwa ni ce, 'yar ƙauye wadda sau uku kacal ta taɓa shiga mota kafin ta shiga jirgin sama. Muka kama ɗaki a saman bene a Tottenham, da ɗan tsakar gida a baya wanda bai wuce shimfiɗar tabarma huɗu ba.

Mun sauka gari kore shar. Bayan wata biyu sai na ga bishiyar da ke bakin tagarmu ta fara zama ruwan ɗorawa. Gabana ya faɗi. Na baro gida ne bayan farin nan da ya cinye wa babana shanu, don haka na san abin da irin wannan ganyen yake nufi. Na ce, "Malam, fari ya biyo mu." Ya yi dariya har ya ƙware da shayi.

"Mutuniyar," in ji shi (haka yake kirana, sunana sau biyu na ji a bakinsa, duk kuwa yana fushi), "ba mutuwa suke yi ba, barci za su yi. Kafin su kwanta sai sun yi ado. Mutanen nan har mota suke shiga su je kallo."

Kallo! Na ce a raina lallai ƙoshi ya yi wa mutanen nan yawa. A je daji ba don kiwo ba, ba don tsinkar tafasa ba, kawai a tsaya a saki baki ana kallon ganye yana zuba.

Ba a yi sati biyu ba sai makarantarsu ta shirya musu tafiya dajin Epping ranar wata Asabar, aka ce kowa ya zo da matarsa. Malam ya sayo mini kwat ruwan ƙasa mai bel, da gyalen ulu na naɗawa a wuya. Malama Asabe, matar wani abokin karatunsa ɗan ƙasarmu, ita ta ja ni gefe a cikin bas. Ta yi makarantar horon malamai, Turanci a bakinta kamar a nan aka haife ta.

"Ke dai kada ki yi surutu," ta ce. "Duk abin da suka nuna miki ki yi murmushi ki ce lobuli, wato ya yi kyau. Shi ke nan, kin gama da su."

Na yi ta maimaitawa a zuci har muka isa. Lobuli. Lobuli.

Sai dai akwai abin da ke raina wanda ba wanda ya sani. Kwana uku kafin nan Malam yana cin tuwo ya ce, ba da wata manufa ba, tuwon gas ba ya da ƙanshin hayaƙi, kamar abincin asibiti yake. Ya faɗa ya wuce. Ni ban wuce ba.

Gaskiya dajin ya yi kyau, ba zan yi wa Allah ƙarya ba. Kamar an kwana ana yi wa bishiyoyin lalle. Wata ja kamar manja, wata ruwan goro, wata ruwan zuma, rana na ratsowa ta cikinsu, ƙasa kuwa ganye har idon sawu, kana takawa yana ƙaras-ƙaras. Malam ya yi gaba tare da malaminsu, wani Bature mai dogon wuya, kansa a sama, yana ta nune-nune da hannu. Ban taɓa ganin fuskarsa a sake haka ba. Kowa kansa a sama. Ni kuwa nawa ya sauka ƙasa.

Itace! Busasshe, kauri-kauri, zube ko'ina ba mai shi. A garinmu mace sai ta fita tun asuba har hantsi kafin ta haɗa rabin abin da na gani a gindin bishiya ɗaya. Kuma na san dokar gandu, ai matar mai gandu ce ni. Malam da kansa yake ƙwace gatarin duk wadda ta sari ɗanyen itace, amma busasshen da ya faɗo da kansa na kowa ne. Ni ban sari komai ba. Na riga na hango duwatsu uku a tsakar gidanmu na Tottenham, na hango tukunya a kai, na hango fuskar Malam idan ya kai loma ta farko.

Na ce wa Malama Asabe tsakuwa ta shige mini takalmi, su yi gaba. Suna shan kwana na tsunduma. Na zaɓi masu kyau, na karya dogaye a gwiwa, na jera su kai da kai. Na zare bel ɗin sabuwar kwat na ɗaure tamau. Na naɗe gyalen ulu na yi gammo. Babu mai ɗora mini, sai na durƙusa na jingina shi da kututture na shiga ƙarƙashi na miƙe. (Yarinyar nan ta ajiye biro tana dariya. Ki rubuta dai, lokacin ƙashina ba irin na yanzu ba ne.)

Wallahi tun da na sauka a ƙasar nan ban ji daɗin jikina irin na wannan tafiyar ba. Kusan wata uku ban iya sayen gishiri ba sai da rakiya, ban iya karanta lambar bas ba, ban iya gaida maƙwabciya ba. Yau ga abin da na fi kowa iyawa a dajin nan. Na hau tudu hannuwana a sake, wuyana a miƙe, har da ɗan rangaji.

A saman tudun akwai fili. A filin kuwa an jera su duka, layi biyu, za a ɗauki hoto, ana jiran mutum ɗaya. Ni.

Shiru ya sauka. Kare ne ya fara magana. Karen mai gadin dajin ne, wani jibgegen Bature mai hula da ya zo yi musu bayani. Malamin su Malam ya zuba wa kayan da ke kaina ido. Na ga ana kallona, na ga ba wanda ya ce komai, sai na tuna karatuna. Na yi murmushi, na nuna itacen da yatsa, na ce, "Lobuli."

"Innalillahi!" in ji Malama Asabe. "Ke! Sauke! Sauke, don girman Allah!"

Mai gadin ya matso yana magana a hankali, yana ta "sori, sori", ita tana fassara mini ta tsakanin haƙora. Wai ba a fitar da ko tsinke daga dajin nan. Wai da gangan ake barin itacen ya ruɓe saboda ƙwari.

Da na yi shiru a nan da sauƙi. Sai na ji bakina ya ce, da ƙarfi kuwa, "Ƙwari? To su me za su dafa?"

'Yan ƙasarmu da ke wurin, su biyar da matansu, suka fashe. Mijin Malama Asabe ya riƙe ciki yana cewa, "Ranka ya daɗe sarkin daji, yau dai an kama ɓarauniyar gandu a cikin gidanka! Ina gatarin? A ƙwace!" Turawan ba su yi dariya ba, murmushi kawai suke yi suna kallon takalmansu, kuma wannan ya fi ciwo. Na ji kyamara ta yi ƙyas.

Sai Malam ya fito daga layi. Bai kalli kowa ba. Ya sa hannu biyu ya sauke itacen daga kaina, ya saɓa a kafaɗar kwat ɗinsa ta zuwa makaranta, ya juya ya gangara. Na bi shi a baya kamar akuyar da aka dawo da ita daga gonar mutane. A gindin wata bishiya ya kwance ɗaurin, ya watsa itacen ɗaya bayan ɗaya, ya kakkaɓe bel ɗin ya miƙo mini.

"Kin iya ɗauri," ya ce.

Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Ban ga fuskarsa ba, don tawa tana ƙasa. Yabo ne? Gatse ne? Ya ɗauke kayan ne don ya raba ni da kunya, ko don ya raba kansa? A bas ya zauna kusa da ni, kafaɗarsa duk ɓawon itace, yana kallon taga. Ban tambaye shi ba. Shi ma bai sake tayar da maganar ba, ko sau ɗaya.

Labari kuwa ya zaga duk inda Bahaushe yake a Landan. Na koma Mai Itace. A wajen wani suna wata ta ce mini, "In za ki daji ki yi mana magana, mu ma gas ɗin nan ya ishe mu." Na yi dariya tare da su, na dawo gida na yi kuka a banɗaki.

Lahadi ta zagayo, Malam ya ce mu koma dajin, mu biyu kawai, wai ban kalli komai ba a ranar. Na ce kaina na ciwo. Wata Lahadin na ce wanki. Haka har ganyen ya ƙare, sanyi ya shigo. Bishiyoyin suka farka kamar yadda ya ce, na haifi wannan yarinyar da ke rubutu, shekara ta zagayo, bishiyar bakin tagarmu ta sake yin ruwan ɗorawa. Wannan ne karo na ƙarshe da za mu gani, don kafin su sake yin wannan adon kos ɗin ya ƙare. Ya sayo keken tura jariri musamman. Na ce sanyi zai kama ta. Na ce mai gadin zai gane ni. Ƙarya nake yi. Tsorona shi ne mu tsaya a kan tudun nan in ɗaga kai in ga amsar a fuskarsa.

Sai ya riƙa tafiya shi kaɗai, da fulas ɗin shayi a aljihu.

Lahadin ƙarshe ya fita bayan azahar. La'asar ta wuce bai dawo ba. Da aka ƙwanƙwasa ƙofa na buɗe, 'yan sanda biyu ne, da Malama Asabe a tsakiyarsu, idonta jawur. Ita da ta fi kowa jin kunyata a ranar, ita ta tare ni kafin in kai ƙasa. Wai ya zauna a kan wani gungume a bakin hanya, ya jingina da bishiya, kansa a sama. Wata mata ta wuce shi ta ɗauka kallo yake yi. Da ta dawo ta tarar da shi yadda ta bar shi. Zuciya ce, in ji likita, kuma wai ko ina wurin ba abin da zan iya yi.

Likitan bai sani ba. Da ina wurin da na riƙe kansa. Da na laƙƙana masa kalmar shahada. Mutumin da ya ɗauki kayana a gaban jama'a ya cika shi kaɗai a cikin daji, ni ina gida ina ɓuya daga mutanen da ba sa ma nemana.

Don ba sa nemana. Bayan shekaru, a Kano, na tuna wa Malama Asabe maganar itacen, sai da ta yi dogon tunani kafin ta ce, "Au, ke ce ko matar wane?" Hoton ma ba wanda ya san inda ya shiga. In darasi ake so, ga shi, na saya da tsada: masu yi miki dariya kafin sati sun sami wata, ke kaɗai za ki zauna kina gadin abin. Sai kuma wannan: itacen ƙasar wasu na ƙwari ne, ki bar musu.

Yanzu yarinyar nan ta dawo da ni garin, ina zaune da ita a Barking saboda idona. Ganye ya fara juyawa, ina ganinsa dishi-dishi ta taga. Ta ce Asabar za ta kai ni dajin a mota. Ban ce e ba, ban ce a'a ba. Me zan je in gani da wannan idon, kuma da wa?

Abu ɗaya ya rage ban taɓa faɗa mata ba, sai yau. A ranar Lahadin ƙarshen nan, ya riga ya sa takalmi, ya tsaya a bakin ƙofa hannunsa a kan keken jaririyar. Na ce masa shinkafa na kan wuta. Ya san ƙarya ce, don murhun yana gabansa a kashe. Bai yi fushi ba. Ya saki keken, ya gyara hularsa, ya ce:

"Shi ke nan, mutuniyar. Amma iska ta fara kaɗa su. In kika bari sai wani sati, ba za ki tarar da komai ba."