Hannun Baba da Buwat ɗin Jar Mota

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar sunan ɗana na fari, ranar da na bar mahaifina ya ɗauki kunyar da ni na ƙulla.

Baba yana da wata jar mota mai ƙofa biyu, gajera kamar kwaɗo, wadda ya saya wurin wani Bature malamin lakol, wato makarantar boko, a Maraɗi tun ban san kaina ba. Duk Gidan Rumji ba mai irinta. Da buwat ɗinta ya lalace (akwatin giya ke nan, amma Baba ya hana a ce giya a gidansa, sai dai bitas), sai ta kwanta a tsakar gida, hancinta na kallon rumbun gero.

Da haihuwa ta matso, na ce zan tayar da ita don a ga gata. Muka ja ta zuwa garejin Ilu, makaniken garinmu. Ya buɗe, ya ce hanya biyu ce. Ko a gyara nata, a nemo haƙoran ƙarfen cikinsa ɗaya bayan ɗaya, abin ya kai bayan girbi, ko a kawo buwat na wata mota daga Jibiya a ɗaura cikin mako.

Na kai wa Baba maganar. Ya ce, "A gyara nata. Hannuna ya san ta."

Na ce to. Na koma na ce wa Ilu a kawo na Jibiya. (Ni da nake son a gan ni a kasuwar Cadakori hannu ɗaya a taga, ina ni ina jiran girbi?) Ilu ya ce, "Bitas ɗin fa ba wuri ɗaya suke zama ba. Ka gaya wa Alhaji." Na ce zan gaya mishi. Abin da na gaya mishi shi ne an gyara.

A tsohon buwat, in ka tura sandar bitas hagu ka yi sama, baya motar take yi. A sabon kuwa, nan ne bitas na ɗaya.

Ranar suna, bayan an raɗa wa yaro sunan Baba, gida ya cika da 'yan uwa daga Tibiri da Gidan Sori. Abokan Baba suka fara tsokanarsa.

"Alhaji, har yanzu kana iya tuƙa kwaɗon nan, ko sai amalanken jaki?"

Baba ya yi dariya, ya miƙo mini hannu. "Kawo makulli, in fito da ita su gani."

Nan ne ya kamata in yi magana. Amma na ga idon jama'a. Na sa mishi makulli a tafin hannu.

Ya shiga, ya tayar, ya waiga baya kamar yadda ya saba, ya tura sanda hagu ya yi sama. Motar ta zabura gaba ta daki rumbu. Cikin rumbun ya tsage, dammunan gero suka zubo kan gilashi. Wasu suka yi salati, wasu suka danne dariya. Na ji wani yana cewa a hankali, "Tsufa ya zo."

Baba ya fito, ya kakkaɓe hularsa. Ya ce, "Hannuna ya manta." Ya ba ni makulli, bai sake karɓa ba.

Sai da ciwo ya kwantar da shi bayan girbi na durƙusa gefen tabarmarsa na faɗi gaskiya. Bai ko juyo ba.

"Tun da na dafa sandar na ji ba tata ba ce," in ji shi. "Na ce bari in yarda da maganar ɗana."

"To Baba, me ya sa ka ce hannunka ne?"

"Ranar sunan ɗanka ce. Gara a ce na tsufa da a ce uban jariri maƙaryaci ne."

Bayan rasuwarsa na je wurin Ilu neman tsohon buwat, in gyara ko da a makare. Ya ce ai tuni masu narka ƙarfe suka ɗauka, an yi tukwane da shi.

Motar tana nan, tana tafiya lafiya. Na koyi cewa ana iya canja wa mota ciki a ɓoye wa gari duka, ban da hannun da ya tsufa a kan sandarta. Har yau in zan yi baya sai na tsaya na duba, ni da na san inda na sa bitas ɗin baya.