Ranar da Na Koya wa Kwamfuta Sakkwatanci

Ba zan taɓa mantawa da Talatar da wani Kanar ya zo duba ɗakin kwamfutarmu ba. Lokacin mulkin soja ne, ina aiki a wani asibiti a Sakkwato, an ba mu gurbi ɗaya tak na kwas a Ingila. Mu biyu muke nema: ni da Garba, wani Bakano da kullum yake kwaikwayon maganata.

Don in kayar da shi, sai na rubuta manhaja mai rubuta manhaja. Za ta karanta fayil ɗin saiti, wato jerin bayanan da aka shigar mata, ta dubi kowane layi ta gane irinsa, lamba ne, rubutu ne, ko amsar i ko a'a, sannan ta rubuta umarni da kanta a harshen kwamfuta na Pascal. Da ma na tsaya nan. Amma don in ƙona wa Garba rai, sai na koya mata cewa "awo" ma i ne, kamar yadda muke faɗa a gida. (Har na yi sati ina yi wa matata fahariya a gidanmu na unguwar Gawon Nama.)

Madam Rifkatu, shugabar nas-nas, ita ta shigar da sunayen sassan asibiti. Na farko shi ne sashen duba masu ciki, ta rubuta sunan da kowa ya sani: Awo. Manhajata ta gani, ta yanke cewa duk jerin amsoshin i ko a'a ne.

Kanar ya sa tabarau, ya karanta abin da ya fito a allo da ƙarfi. "Sashe na ɗaya, i. Na biyu, a'a. Na uku, a'a." Ya juyo. "Wa ake kwantarwa a sashen A'a?"

Garba ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa.

"Kai ka rubuta wannan?" Kanar ya tambaye ni.

Duk Turancina ya gudu. Na ji bakina ya ce, "Awo, ranka shi daɗe."

Har direban Kanar sai da ya riƙe ciki. Garba ya tafi Ingila, ya dawo shugabana, kuma har ya yi ritaya Malam Awo yake kirana. Abin yana ci mini rai har gobe.

Tun ranar ba na barin na'ura ta yi cinke, ni nake faɗa mata irin kowane layi. In kuma babba ya yi mini tambaya, kai kawai nake gyaɗawa.