Ranar da Na Wanke Igwa

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na wanke igwa ba, ko da zan manta da shekaruna (su kam dama ban taɓa sanin adadinsu ba).

Lokacin garin nan Abuja ake ce masa, ba a kai ga ɗauke mana sunan ba. Ina zaune a Kurmin Sarki, maigidana Malam ya rasu, 'yan matan duk suna ɗakunansu, gida daga ni sai kaji. Ɗana namiji guda ne, soja, kuma shi ne na fari. To kun san ɗan fari: ba na kama sunansa, ba na kallon idonsa, ba na zama hira da shi. Ya tafi yaƙi ya dawo da ransa, amma bai dawo da bakinsa ba. Ni kuwa babu abin da nake so kamar in ji abin da ya same shi a can, ga shi ba ni da bakin tambaya.

Wata damina ya zo hutu da wani kwali. A ciki gutsattsarin roba ne masu ruwan toka, da gam, da gwangwanayen fenti ƙanana kamar na man zafi. Kullum da hantsi sai ya shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakinsa, ya yanka wannan da reza, ya liƙa wancan, yana riƙe numfashi. Ni ina bakin murhu ina tsince shinkafar da na riga na tsince, ina satar kallo. A hankali abu ya tashi: babbar bindigar nan mai taya da ake ce wa igwa, amma ba ta wuce tafin hannu ba. Ya shafa mata kore, ta yi kyau. Daga nan sai na ga abin yana lalacewa. Tayoyi suka yi caɓa-caɓa da taɓo, baki ya yi baƙi ƙirin, jiki duk tsatsa. Na ce a raina, Allah sarki, namiji ba mata, ko abin wasansa ba ya iya tsabtacewa.

Ran nan da safe ya tsaya daga nesa ya ce, "Inna, zan je Dikko taryen baƙo. Saje Bitrus, tare muka yi aiki."

Na ce wa bango, "A dawo lafiya."

Na shiga share ɗaki, sai ga igwa a kan taga da dauɗarta. Baƙo zai shigo gidana ya ga wannan? Na ɗauko soso da toka. Taɓo ya ƙi fita. Na sa sabulu, ya ƙi. Sai na tuna da kananzir (shi Shaiɗan ba ya rasa shawara). Taɓo ya fita, tsatsa ta fita, kore ma ya bi su. Taya ɗaya ta faɗo a cinyata.

Na yi salati. Sannan na buɗe gwangwanayensa, na ga ashe akwai ja, akwai ruwan ɗorawa, yaron ya bar su ya zaɓi na kashin kaji. Na liƙa taya da ƙaro. Na yi wa doguwar bindigar ratsi-ratsi, na zana fure a kowane gefe irin na kwanon jere. Wallahi ban ji tsoro ba a lokacin, daɗi na ji. Hannuna ya taɓa abin da hannunsa ya taɓa. Na ɗora ta a kan sabon faifai, tsakiyar tabarma.

Bayan la'asar suka yi sallama. Saje Bitrus dogo ne, hannun rigarsa na hagu a naɗe da fil, babu komai a ciki. Ya durƙusa ya gaishe ni. Da ya ɗago sai idonsa ya faɗa kan faifai.

"Oga," in ji shi, "wannan ne igwan namu? Yaushe aka yi masa aure?"

Ya fashe da dariya har yana share hawaye da kafaɗa. Ɗana bai yi dariya ba. Ya tsuguna ya daɗe yana kallo, sannan ya ce a hankali, "Inna, taɓon nan kwana huɗu na yi ina shafa shi."

Na ja mayafi na rufe fuska. Tsofai-tsofai da ni, na shige bayan rumbu kamar 'yar da ta fasa tulu. Na ce shi ke nan, gobe zai haɗa kayansa, ɗan abin da nake gani ma na rasa.

Ina nan sai na ji sun jawo tabarma har gindin rumbun. Ɗana ya ɗaga murya ya ce, "Bitrus, ka san dalilin taɓon nan?"

"Haba Oga, ba ina wurin ba?"

"Yi shiru in gaya maka."

Ya faɗi yadda ruwa ya tsare su a wani daji, igwa ta kafe har wuyan taya. Ya faɗi yadda suka tura ta da kafaɗa, da sunayen waɗanda suka tura ba su ga fitarta ba, da inda hannun Bitrus ya tsaya. Bitrus dai "haka ne" kawai yake cewa. Ni ina bayan rumbu, ina cizon bakin mayafi, har aka kira magariba. Sau ɗaya ke nan na ji labarin, bai ƙara ba har ya koma bariki, gida ya sake yin tsit.

Tun daga ranar, ko jikana ya shigo da riga kamar ya yi birgima a kwata, sai na tambaye shi tukuna: "Wannan dauɗar, ta wankewa ce ko ta ajiya?"