Yadda Ake Fara Sabon Zango da Bencin Gwaggo Mai Zare

Kai mai neman digiri na biyu a fannin kasuwanci, an koma makaranta ko? Barka. Matso ka ji yadda ake shiga sabon zango da ƙafar dama. Idan ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, an yi maka alkawari kafin wata ya ƙare Farfesa zai riƙe sunanka, 'yan aji za su tafa maka, kuma za ka kusa kashe shagon da ya shekara talatin da ɗaya yana numfashi, alhali ko allura ɗaya ba ka taɓa sayarwa ba. Wannan ba zato ba ne. An gwada, kuma a kan mace mai rai aka gwada. A layinsu Gwaggo Mai Zare ake ce mata, domin zare take sayarwa, da allura, da zif, da maɓalli. Ba ta taɓa zama a aji ba, amma ita ta goyi wanda ya gwada mata, ɗan ƙaninta ne, kuma daga bakinta wannan bayani ya fito. To, daga nan kai ne shi, ita ce gwaggonka.

Mataki na ɗaya: Fara da kaya

Karatu zai iya jira, kwat ba za ta jira ba. Saka ta ko da gumi yana bin bayanka. Nemi jaka mai hannu ka zura kwamfuta a ciki. Katin makarantar nan mai igiya kuwa, rataya shi a wuya kada ka cire, ko dubiya za ka je asibiti. A gida ka bari a fara kiranka Manaja, ko da a wurin aiki kai ake aikawa kwafo takarda.

Idan maɓallin kwat ɗin ya tsinke, kai wa Gwaggo. Za ta ɗebo zare uku, ta fito da su bakin ƙofa, ta zauna a benci, ta ɗora su a kan kwat ɗin a rana, ta ajiye biyu ta ɗauki ɗaya. Kada ka kalli abin da take yi. Ka duƙa a kan wayarka. Riƙe wannan da kyau, domin rashin kallon nan shi ne tushen duk nasarar da za ka samu a gaba.

Mataki na biyu: Zaɓi shagon da ba zai kore ka ba

Ranar farko zauna a kujerar gaba, ka riƙa gyaɗa kai tun kafin Farfesa ya gama magana. Zai ba da aikin zangon: kowa ya nemi ƙaramin shago, ya gano ciwonsa, ya yi masa magani, bayan sati uku ya zo ya nuna wa aji a majigi.

Kada ka je shagon bare. Bare zai tambaye ka me ka taɓa sayarwa. Gwaggo kuwa tambayarka za ta yi ko ka ci abinci.

"Gwaggo, an ba mu aiki a makaranta. Shagonki zan yi nazari a kai."

"Nazari kamar yaya?"

"Zan duba inda yake masa ciwo."

"Shi ya ce maka yana ciwo?"

Yi dariyar da ake yi wa tsofaffi, sannan ka sa mahaifinka ya kira ta. Zai ce, "Yaya, ki taimaka masa, makinsa ne." Za ta yarda. Ba don ta gane ba, sai don tun yana ƙarami ba ta iya ce wa ƙanin nan nata a'a.

Mataki na uku: Auna komai, kada ka tambayi kowa

Zo da tef ɗin awo. Auna kantar shagon, auna ƙofa, auna tsakanin ƙofa da kantar. Kunna agogon wayarka ka tsaya a gefe kamar mai gadin jarrabawa.

Za ka ga Tela Dogo ya zo, mutumin da ya shekara ashirin yana sayen zare a wurinta. Zai shigo da ƙyalle a hannu, ya ɗebi zare huɗu ko biyar, ya fita da su, ya zauna a benci yana jujjuya su, yana hira, yana ƙara jujjuyawa. Minti arba'in, ya sayi biyu. Bayansa Uwar Biyu mai ɗinkin kayan 'yan makaranta, ita ma haka. Rubuta a littafinka: benci, wurin zaman banza.

Sannan ka yi wa Gwaggo tambayar da aka koya maka.

"Nan da shekara biyar, ina kike ganin kanki?"

"A nan, in da rai. In babu rai, ka san inda ake kai mutane."

Rubuta: mai shagon ba ta da buri. Ja layi biyu a ƙarƙashi. Masana sun ce duk abin da aka ja wa layi biyu ya zama gaskiya.

Mataki na huɗu: Jira ta juya baya

'Yarta za ta haihu, za ta tafi sati guda ta bar maka makulli, domin a ganinta kai ɗa ne. To, ga ranarka ta zo.

Saka ƙwan lantarki huɗu farare ƙal, har shagon ya koma kamar ɗakin tiyata. Zaren da ta jera daga mai duhu zuwa mai haske, yadda hannunta ke kai wa ko ido a rufe, sauke shi duka ka sake jerawa bisa lambar da kamfani ya buga a gindi. Liƙa takarda a ƙofa: a zaɓa a ciki, ba a fita da kaya waje.

Saura benci. Mijinta ne, Allah ya jiƙansa, ya buga shi da hannunsa shekarar da suka buɗe shagon. Ƙafa ɗaya ta fi sauran gajarta, sai an tokare ta da murfin gwangwani. Wannan ba ya cikin lacca, saboda haka bai dame ka ba. Kira mai motar kaya a kai shi makarantarku, ka ba maigadi kyauta, shi kuma ya riƙa tsare maka inuwar bishiya inda za ka ajiye motarka. A aji wannan shi ake kira ƙulla hulɗa.

Mataki na biyar: Idan abu ya ɓaci, canja masa suna

Ga abin da da ka sani, da a ce ka ɗaga kai daga waya a mataki na ɗaya. Ƙwan lantarki maƙaryaci ne. A ƙarƙashinsa shuɗi biyu sai su zama uwa ɗaya uba ɗaya, amma a fito da su rana, ɗaya shuɗi ne, ɗayan ya karkata zuwa ruwan hanta. Launi a rana kawai yake faɗin gaskiya. Bencin nan wurin aiki ne, kamar yadda keke yake wurin aikin tela.

Tela Dogo zai karanta takardarka, ya girmama ta don yana zaton umarnin Gwaggo ne, ya zaɓi zarensa a ciki. Rigunan ma'aikatan wani otal ne, guda goma sha biyu. Ranar da suka saka suka fito tsakar gida, kowane ɗinki yana ihu a jikin riga. Za a dawo masa da su duka. Kwana biyu zai yi da reza yana warwarewa. Ranar da Gwaggo ta dawo, zai zo ya ajiye ragowar zaren a kan kantar shagon, ba faɗa, ba ɗaga murya.

"Gwaggo, shekara ashirin ba ki taɓa ba ni kunya ba."

Ya juya. Daga ranar shagon ƙarshen layi yake zuwa, sauran teloli suna bin sa ɗaya ɗaya, domin shi ya koya wa rabinsu riƙon almakashi.

Za ta kira ka. Zo da jakarka.

"Ina bencina?"

"Gwaggo, sauyi yana da zafi da farko. Mu muna kiransa lokacin sabawa."

"Ni ina kiransa sata. Ina bencina?"

"An mayar da shi inda zai fi amfani."

Duba agogo ka ce kana da lacca. Kada ka damu da ɓoye wurin, matarka za ta faɗa mata. Ita ma ta gaji da kai tun ranar da ka liƙa mata jadawalin aiki a ƙofar firji.

Mataki na shida: Ranar gabatarwa, bar komai ya tafi da kansa

Je da wuri ka haɗa majigi. Hoto biyu: shagon kafin zuwanka, shagon bayan zuwanka. Na biyun ya fi haske, kuma babu mutum ko ɗaya a ciki da zai ɓata hoton.

A daidai lokacin Gwaggo tana bakin ƙofar makarantarku, ta sauya mota biyu kafin ta iso. Za ta tarar da maigadi a miƙe a kan benci yana jin rediyo.

"Malam, tashi. Wa ya ba ka wannan?"

"Wani mai kwat ne, Inna."

"Nan ai duk masu kwat ne. Yana girgiɗi in ka zauna?"

"Yana yi."

Za ta ciro murfin gwangwani daga jakarta ta tokare ƙafar. Benci ya tsaya cak. Maigadi mutumin kirki ne, zai ɗauki rediyonsa ya ba ta wuri. Ita kuwa sai ta ja bencin ta gindaya shi a tsakiyar ƙofa, ta zauna, ta gyara mayafi. Motar farko da za ta tare ta Farfesa ce, wanda ya makara kamar kullum.

"Lafiya, Inna?"

"Kai ne malaminsu? Kai ne kake aika su yi wa shagunan mutane magani?"

Kafin ya haɗa amsa ta ciro zare biyu. Ta sa shi ya shiga ɗakin maigadi ya duba su a ƙarƙashin ƙwai. Ya ce iri ɗaya ne. Ta sa ya fito rana. Farfesa ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. Zai roƙe ta ta shiga aji ta yi bayani. Za ta ce ba ta tashi daga kan bencin nan, an taɓa ɗauke shi da ta juya baya. Saboda haka ajin ne zai fito, ku talatin, da kwat da kwat, a tsaye cikin rana.

Minti biyar za ta yi tana magana. Farfesa zai juyo ya ba abin suna da Turanci, mai tsawo, kalma huɗu. Kowa zai rubuta. Wata za ta tambayi yadda ake rubuta kalma ta uku. Babu wanda zai tambayi Gwaggo sunanta. Sannan Farfesa ya dafa kafaɗarka ya ce a duk ajin kai kaɗai ka kawo misali mai rai, a tafa maka.

Ka gani? An yi maka alkawari, an cika.

Mataki na bakwai: Ɗauki bencin

Wannan matakin ba ya cikin manhaja, Gwaggo ce ta ƙara shi.

"Bari in kira mai motar kaya, Gwaggo."

"Kira shi. A bakin layi zai sauke. Daga nan kanka ne motar."

Layin dogo ne, kuma teloli suna ɗinki ƙofa a buɗe. Ɗora bencin a ka, katin makaranta yana lilo a ƙirjinka. Wajen shago na uku maɓallin kwat zai tsinke ya gangara cikin kwata. Kada ka tsaya nemansa. Tana bayanka.

A ƙofar Tela Dogo za ta ce ka tsaya.

"Faɗa masa."

"Baba Dogo, an samu ɗan giɓi wajen aiwatar da tsarin..."

"Da bakin mutane."

"Ni na ɗauke bencin. Ni na liƙa takardar. Gwaggo ba ta sani ba."

Tela Dogo ba zai ɗaga kai ba. Keken zai ci gaba da tafiya, kai kana tsaye da benci a ka, wuyanka yana rawa, har ya kai ƙarshen ɗinki ya yanke zare da haƙori. Sai ya ce, "Na ji." Iyakarta ke nan. Makin da aka ba ka a makaranta ba ya aiki a wannan layin.

Gwaggo za ta mayar da bencin inda sawunsa huɗu suke a ƙasa, ta yage takardarka, ta kwana biyu tana mayar da zare yadda yake. Uwar Biyu za ta dawo washegari. Tela Dogo ba zai zo ba. Kowace safiya Gwaggo za ta share ƙarƙashin bencin, ta zauna a gefe ɗaya ta bar ɗaya gefen, tana kallon layi kamar ba kallo take ba. Kwana na tara zai zo da ƙyalle a hannu. Ba zai gaishe ta da tsohuwar gaisuwa ba. Zai shiga, ya ɗebi zare biyar, ya fito, ya zauna. Minti arba'in, ya sayi biyu. In agogonka yana nan, ka zo ka auna.

Sanarwa

Mai wannan bayani ba ta ɗauki alhakin ciwon wuya, ko yagewar kwat, ko sunan Manajan Benci da 'yan layi suka raɗa wa wani ba. Ba ruwanta da abin da matarka za ta yi da jadawalin firji. In gwaggonka ta fi wannan zafin hannu, tsakaninku ne, kada a zo mata da kuka. Mahaifinka kuma ya daina kira, ta gane lambar.

Maganar maɓalli kuwa, akwai shi a shago. Ƙwai huɗun nan ta cire uku, ta bar ɗaya a can lungu saboda kai. Ga allura, ga zare uku. Ka shiga ka zaɓa a ciki. Ba a fita da kaya waje.