Yadda Ake Haɗa Gas a Jirgin Ruwa Ba Gobara

Kai mai jirgi, bi matakan nan daki-daki, na ɗaukar maka alkawari wuta ba za ta taɓa cin jirginka ba. An gwada su a kan wani masunci, wanda jirgin katako ɗaya tal ne gonarsa da kasuwarsa. Garwashi ya ishe shi da ƙona taru, sai ya kira ƙanin matarsa, mai haɗa gas a gidaje, da ake wa laƙabi da Injiniya.

"Yaya, ka riƙa ba ni babban kifi duk fita, ni kuma in yi maka aikin da jikoki za su gada."

"Ka taɓa yi a jirgi?"

"Jirgi ai ɗaki ne mai yawo."

Suka tafa.

1. Ba ɗan'uwa aikin. Bare in ya yi ɓarna sai rigima ta tashi. Ƙanin mata kuwa, ka tanka ka kwana da yunwa. Ka ga an samu zaman lafiya.

2. Ɗaure tukunyar gas a tsaye. Tamau, kamar akuyar da ta saba tsinke igiya.

3. Gwada da ruwan sabulu. Shafa a bakin tiyo, in kumfa ta taso akwai yoyo. Masu gwadawa da ashana har yau ba su dawo sun ba da labari ba.

4. Ba gas mafita. Gas ya fi iska nauyi, in ya zubo ƙasa yake kwanciya. A gida, Injiniya yakan huda bango can ƙasa. Jirgi na kan yashi, ya duba inda ya fi zurfi, ya yi kafa wadda hannu zai shige.

"Kai! Ƙarƙashin nan fa ruwa ne!"

"Yaya, ka san kifi, na san gas. Ruwan da ke ƙasa me zai kawo shi sama?"

Masunci ya tuna hararar matarsa. Da Injiniya ya ba da baya, ya toshe kafar da tsumma da ƙaro.

5. Tafi da gwani fitar farko. Suna tsakiyar ruwa idon Injiniya ya faɗa kan tsumman.

"Wa ya toshe mini mafita? So kake ka mai da yayata bazawara?"

Ya sa ƙarfi ya fizge.

6. Koyi iyo. Wannan kamata ya yi ya zo farko, mantawa aka yi. Injiniya bai iya ba. Masunci na da hannu biyu: ko ya danne kafa, ko ya riƙo wuyan rigar suruki. Ya dubi jirgi, ya sake tuna gida, ya damƙi riga.

Injiniya ya ci riba, yana yawo yana cewa aikinsa bai taɓa kamawa da wuta ba, kuma ba ƙarya ya yi ba. Uwargida ta samu ƙaninta da rai. Masunci ya rasa jirgi, yanzu tarun wasu yake ɗinkewa a bakin gaɓa, kuma an ce bai gode ba.

Wanda nasa ya nutse kada ya zo ƙofata. Ni ko kwata zan ƙetare sai an riƙe mini hannu.